Ranin da Kawu Ya Kashe Wutar Maƙera

Gida arba'in da uku ne ke kawo wa kawuna aikin ƙira a ƙauyenmu da ke bayan Fadan Kagoma. Na san adadin domin shi da kansa yakan ƙirga su da yatsu, tun daga gidan bakin rafi har na gindin dutse. Kowane gida yana da garma biyu ko uku, da fartanya, da lauje, da wuƙar tsaga citta. Ba kuɗi suke biyansa ba. Da rani su kawo guntun ƙarfe ya ƙera, da kaka su kawo damin dawa ko kwandon acca, wasu kuma su yi masa gayya a gona. A wurinmu mutum ba ya raba garmarsa tsakanin maƙera biyu. Wanda ya ƙera ta shi ke gyara ta, domin shi ya san tsawon bayanka da nauyin hannunka. Ran da ka kai ta wata maƙera, ka kai gidanka ke nan, har da 'ya'yanka. Waɗannan gidaje arba'in da uku su na jefa cikin kasada, kuma ba nawa ba ne.

A lokacin citta nake saye ina sayarwa. Da dako na fara a tashar jirgin Kafanchan, na koma sayar da kananzir a kwalba, har na kai ga kama shago a kasuwa. Shekara biyar bayan ƙarewar yaƙin basasa, da rani, na bi buhunan cittata a jirgin ƙasa zuwa Fatakwal. Mai saye ya riƙe ni kwana tara, wai ana jiran jirgin ruwa. Zaman masauki ya ishe ni, sai na shiga yawo a bakin ruwa.

Wurin taɓo ne da ƙarnin kifi, rumfuna jere a kan turaku. Nan ana sassaƙa kwalekwale, can ana saƙa kujeru da wata igiyar daji, gaba kaɗan wasu na yanka gwangwanin madara suna yin aci-balbal. Duk na wuce su ina kimanta farashi a raina, kamar yadda na saba. A ƙarshen layin na ji wani ruri daga wata rumfar kwano mai tsatsa, na leƙa.

Wani mutum ne ba riga, tsaye a bakin murhun bulo wanda cikinsa ya yi fari don zafi. Ya tura dogon bututun ƙarfe a ciki, ya ɗebo wani abu ja mai kauri kamar zumar da ta kwana. Ya murza shi a kan farantin ƙarfe, ya kai bututun baki, ya busa. Abin ya kumbura. Ya saka shi cikin wani mazubi mai buɗewa biyu, ya sake busa yana juyawa, ya buɗe da ƙafa. Sai ga ƙwan fitila, irin wanda nake sayarwa a shagona. Ni dai har ranar na ɗauka sai a Turai ake yin sa.

“Kai! Ikon Allah!” na ce, ban san na faɗa da ƙarfi ba.

Bai juyo ba, ya ce da Hausa, “Ikon fasasshen kwalba dai. Malam, ko ka saya ko ka matsa, kana tare mini iska.”

Haka muka san juna. A kwatas ɗin ma'aikatan jirgi na Kafanchan aka haife shi, mahaifinsa makanike ne a loko, inda ake gyaran kan jirgi. Sun bar garin a shekarar kashe-kashen da aka yi kafin yaƙin, cikin taragon kaya, ba dukansu suka tsira ba. Bayan yaƙi ya yi aiki a wani kamfanin kwalba, ya koyi busa a wurin wani tsoho, ya buɗe wannan rumfa. Sauran kwanakina duka a can na yi su. Ba zan ce kyan aikin bai kama ni ba, ya kama ni. Amma ni ɗan kasuwa ne, ina kallo ina tunanin gida. A wajenmu kowane gida da fitilar ƙwai, 'yan makaranta na karatu da ita, mai wa'azi na shirya sujada da ita. In ƙwan ya fashe sai a liƙe da takarda da koko, don sabo yana da wuyar samu, kuma rabin kwalin da na saro yakan iso a farfashe. Ga fasassun kwalabe tsibi-tsibi a bayan kowane gidan giya a Kafanchan, ba mai so. Ga baƙin mai da ake zubarwa a loko, wanda da shi murhun nan yake ci.

Na ce masa ya zo Kafanchan mu yi tare, zan ba shi ɗaki da rabin riba.

Ya share gumi da tsumma. “Ko a akwatin gawa ba ni zuwa. Itacen mangwaron bayan kwatas yana nan?”

“Yana nan.”

“To ka gaishe shi.” Sannan ya ce, “Ka kawo mini mutum wanda ya san wuta, in koya masa. Ba irinka ba, hannunka na ƙirga buhu ne. Ka zo mini da acca da zuma, shekara tara ban ci acca ba.”

Mutum ɗaya na sani da ya san wuta. Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, kuma dattijo ne a ikkilisiyarmu. Duk daminar nan na yi ta zuwa ƙauye ina lallaɓa shi. Na ce masa ƙira ta kusa mutuwa, garmar kamfani tana shigowa, gwamnati za ta kawo tarakta.

“Taraktan zai hau dutsen nan?” in ji shi.

Matarsa, wadda nake kira Mama, ta ce, “Kai ɗan kasuwa, ka bar tsoho da guduma. Abin da ya ciyar da kai ne.”

Na yi masa alkawari a gabanta. Wata biyu kawai, Nuwamba da Disamba. Mu kama kasuwar Kirsimeti, kafin manoma su fara kawo ƙarfe ya koma bakin maƙerarsa. Ina jin ba maganar riba ce ta ja shi ba. Na faɗa masa wutar can fara ce, ba ja ba, sai na ga ya daina abin da yake yi yana saurare.

Bayan an gama noman ƙarshe muka hau jirgi. Kawu bai taɓa wuce Jos ba. Da ya ga ruwan Fatakwal ya tsaya ya daɗe, ya ce, “Duk wannan fadama, ba wanda ya shuka shinkafa?” Mai busa kuwa ya kama hannuwansa ya juya su, ya ga tabon ƙuna har gwiwar hannu, ya ce, “Yauwa, Baba. Kai ne mutum. Wannan ɗan naka ya je ya sayo mana rogo.”

Mako uku suka yi tare. Kawu ya saba da ƙarfe, wanda in ya ƙi sai a maida shi wuta a ƙara duka. Gilashi ba ya jira kuma ba a dukansa. Kwanakin farko duk abin da ya busa sai ya zube gefe ɗaya kamar goran da ya yi kwance a gona. “Baba, juya! Juya, ba tuwo ba ne!” mai busa yana ihu, Kawu yana dariya har da tari. Ban taɓa ganin ya yi farin ciki haka ba.

A gefen babban murhun akwai wani ƙarami, kamar tanderun masu burodi. Duk ƙwan da aka gama, ana ɗauka da sanda a kai shi ciki tun yana da zafi. Da yamma a toshe baki da laka, a bar wutar ta mutu da kanta, sai washegari a buɗe. Na lura tanderun nan yana cin itace wuni guda, ga bulo, ga mutum guda da ke tsaronsa, kuma ƙwan yana fitowa yadda ya shiga. Na tambayi mai busa ko ba za a yi ba sai da shi.

“Wannan shi ne aikin,” ya ce. “Busa wasa ne. Gilas yana da fushi. In ya huce da sauri, fushin yana nan a ciki, ba ka gani da ido.”

Ya faɗa mini ƙarara, ba zan ce ban ji ba. Amma na daɗe a kasuwa, na san kowane mai sana'a yana da abin da yake kambamawa don a ga aikinsa da wuya. Sai na yi gwajina. Na sa Kawu ya ajiye guda uku a kan benci su huce a iska. Ɗaya ya tsage, biyu suka tsira. Na naɗe biyun a riga, suka sha jijjigar jirgi har Kafanchan ba abin da ya same su. Na ɗora su a kan kanta ina nuna wa mutane. Samfuri ne, kuma a wurin ɗan kasuwa samfuri ba a amfani da shi, kada ya yi baƙi. Ban taɓa kunna fitila da ko ɗaya ba.

A cikin maƙerar Kawu muka gina murhun, domin ya ce ba zai hura wuta a wani wuri ba. Sai da aka rushe murhun ƙira kafin wurin ya isa. Ya jingina zugazugi a bango, ya rufe uwar maƙera da buhu. Na kawo duro huɗu na baƙin mai, da kwalabe a amalanke, da lebura biyu masu juya fankar da muka haɗa da wilin keke. Da Kawu ya fara auna wurin ƙaramin tanderu da ƙafa, na ce a bari tukuna, in kasuwa ta buɗe sai a gina. Ya dube ni, ya ce to.

Tukunyar narka ta farko ta fashe a kwana na biyu, gilashin ya malale ya daskare a gindin murhu. Ta biyu ma haka. Ta uku, wadda mai ginin tukwane ta cuɗa da garin fasassun tsofaffin tukwane, ita ta riƙe. Kafin nan Kirsimeti ya wuce ba mu da ƙwai ko guda. A Janairu suka fara fitowa, amma masu kauri a gefe ɗaya, wasu cike da kumfa. Ga wata matsala da ban yi lissafinta ba. In aka bar wutar ta mutu, tukunyar za ta tsage, don haka ba hutu, kuma mutumin da ke busa ba zai riƙe guduma ba.

A Fabrairu manoma suka fara zuwa da ƙarfe. Akwai wani tsoho, sa'an Kawu, tare aka yi musu baftisma. Ya shigo da guntun sifirin mota a kafaɗa, ya tsaya yana kallon Kawu da bututu a baki.

“Maƙeri, ashe gaskiya ne ka koma busa ƙaho? Ina masu rawa?”

“Ajiye ƙarfenka ka fita, tsohon banza, kafin ka narke.”

“Da ƙwan fitila zan yi huɗa bana?”

“Mako biyu,” ni na amsa.

Tsohon bai ko dube ni ba. “Ba da kai nake ba, ɗan Kafanchan.” Ya ajiye ƙarfen a kan tsibin da ke taruwa a bakin ƙofa, ya tafi.

Da yammar ranar Kawu ya ce mini a kashe wuta wata guda, ya sallami mutane. Na ce tukunyar za ta tafi, ga mai an riga an saya, ga hannunsa ya fara zama, in ya bari yanzu duk wahalar ta tashi a banza. Na roƙi ya ba ni zuwa Ista. Ya ce to aƙalla a riƙa binne ƙwan a toka mai zafi, yadda yake yi wa ƙarfe in yana so ya yi laushi. Muka gwada. Suka fito da dishi-dishi, toka ta manne musu. Na ce ba macen da za ta sayi wannan. Aka koma ajiye su a kan katako.

Tsohon nan ya dawo sau biyu. A na uku bai yi wasa ba. Ya tona tsibin ya zaro ƙarfensa, ya ce, “Ka yi haƙuri, ɗan'uwa, gajimare ya fara.” Daga ranar tsibin ya dinga raguwa. Wasu sukan zo da sassafe su ɗauki nasu don kada su haɗa ido da Kawu. A wani ƙauye bayan rafi akwai wani matashin maƙeri, can aka nufa.

A Maris ƙwan suka fito yadda ake so, sirara, garau. Na cusa su a kwanduna da ƙaiƙayi, ɗari uku da 'yan kai. Na ba majami'armu shida kyauta, a matsayin baiko. Sauran na sa musu rabin farashin na kanti, mako guda kafin Ista. Cikin kwana huɗu ba ko ɗaya a shago. Na aika wa Kawu sabon bargo da saƙon cewa mun ci nasara.

Ranar Litinin bayan Ista ina buɗe shago na tarar da mata biyar suna jira. Babbarsu shugabar zumuntar mata ce a wata majami'a a Kagoro, na san ta. Ta kwance bakin ɗankwali a kan kantata, ta zazzage fasassun gilashi.

“Ɗana, ga kayanka. Ko waƙa ɗaya ba mu gama ba ya fashe.”

Wata ta nuna mini yatsa ɗaure da tsumma. Wata ta ce nata ko kunnawa ba a yi ba, yana rataye ya tsage da kansa. Na ce wataƙila sun ɗaga lagwani da yawa, ko ruwa ya taɓa shi da zafi. Mutane sun fara taruwa. Sai na sauko da samfurin nan guda daga kan kanta, na sa a sabuwar fitila, na zuba kananzir, na kunna da rana tsaka a gabansu. Na rage lagwani daidai. Muka tsaya muna kallo. Ban kai ga gama cewa “kun gani” ba, sai ƙas! Tsaga ta tashi daga ƙasa har sama, gefe guda ya faɗo a kan kanta.

Ba wanda ya yi dariya, na fi so da sun yi. Shugabar ta ce, “To, Allah ya ba da haƙuri. Sai ka ba mu na kanti.”

Na ba su. Mako uku ana dawowa da gutsattsari, a takarda, a kwano, a aljihu. Duk wanda ya zo na musanya masa da na kanti ban yi gardama ba, don shago sunansa ne jarinsa. A cikin makonnin ne aka yi ruwan farko, mai ƙarfi, irin wanda ake fita huɗa washegarinsa.

Da na isa ƙauye na tarar Kawu ya riga ya ji. Na majami'a ma sun fashe, biyu a hannun mawaƙa. Ya kashe wutar da kansa, ya rushe murhun, ya sake gina na ƙira cikin kwana uku. Na same shi zaune, gawayi na ci, zugazugi a wurinsu, guduma a cinya. A bakin ƙofa ƙarfe bakwai ne suka rage, na 'yan'uwa da na gwauraye mata waɗanda ba su da mai kai musu bayan rafi. Daga inda muke ana jin mutane a gonaki.

Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

“Kai ba ka san wuta ba. Ni na san ta. Da ka ce a bar ƙaramin tanderu, ni ya kamata in ce a'a.”

Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan maganar. Mama ce ba ta amsa gaisuwata ba har kaka.

Na yi ƙoƙarin gyarawa ta hanyar da na iya. Rani na zagayowa na sayi ƙarfe mai kyau a Kafanchan, na bi gida gida ina cewa Kawu zai ƙera garma kyauta, ba dami ba gayya. Aka karɓe ni da mutunci, aka ba ni kunu. A gidan tsohon nan na fi daɗewa. Ya saurare ni har na gama.

“Ba fushi muke ba,” ya ce. “Kawunka ya fi yaron can hannu, kowa ya sani. Amma ran da hadari ya taso, yaron ne ya kwana uku a kan garmata. Na kai masa dami, matarsa ta ba ni abinci. Da wane baki zan ce masa na koma?”

Da ni ne ma haka zan yi.

Kawu ya ci gaba da hura wuta kowace safiya. Aikin gida bakwai ba ya kai mako biyu, sauran ranin sai ya zauna yana ƙera wuƙaƙe da ƙugiyoyi da ba wanda ya sa shi, Mama ta kai kasuwa. Nakan aika buhun dawa da kaka, su karɓa su yi godiya. Mutumin da gari ke kawo wa dami don aikin hannunsa ya koma cin hatsin da ɗan ƙanwarsa ya aiko a bayan mota. Ya rame, ya rage magana, a taron dattawan ikkilisiya ma aka ce sai a gama bai ce komai ba.

Abin da na zuba a murhun nan, da mai, da lebura, da ƙwan da na musanya, ciniki biyu na citta suka mayar mini da shi, shagona kuma bai rasa mai saye ko ɗaya ba. Fatakwal na ci gaba da zuwa, amma ban sake bin layin bakin ruwa ba. Kawu ya rasu shekara huɗu bayan haka, da damina. A cikin gida arba'in da uku, biyar ne ke kawo masa garma a ranin ƙarshe, domin biyu daga cikin gwaurayen sun riga shi tafiya. Sauran talatin da shida ba wanda ya dawo.